Rabin Ƙwayar da Na Sha wa Ɗan Fari

A gidan da na tashi a Argungu ba a miƙa wa mutum abin sha sai mai miƙawa ya fara kurɓa. Kakata ta wajen uba ce ta kafa mana wannan. Tana haɗa magani, na shawara da na basir da na mata masu jego, kuma duk wanda ya zo karɓa sai ta ɗaga ƙwaryar ta sha a gabansa, ta haɗiye, ta buɗe baki ya gani, sannan ta miƙa masa. Na taɓa tambayarta ko ba ta gajiya da shan ɗaci alhali lafiyarta lau. Ta ce wanda ya lasa ya tofar bai san komai ba. Harshe zaure ne kawai, alƙalin yana can ciki.

Ban zauna gaban malami ba, sai ɗan abin da zan yi salla da shi. Abin da na sani, da ido na san shi, da harshe. Aure ya kawo ni Birnin Kebbi, unguwar Nasarawa, na kama sana'ar turara shinkafa: in sayo ta da ƙaiƙayinta, in jiƙa, in turara a rabin duro, in shanya a filin da ke bayan gidanmu, a kai inji. Ƙwaya ɗaya nake taunawa in san ko turaren ya kai. Mai gidan ya rasu, 'ya'ya mata sun tafi gidajensu, aka bar ni da ɗan fari da matarsa da yaransu.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, bai dawo hannuna ba sai da gemu ya fara tsiro masa. In ina so ya san an sauke tuwo, sai in ce wa kaza ta matsa, masu cin abinci za su zauna. In zai yi tafiya sai ya gaya wa randar ruwa cewa gobe ba za a gan shi ba, ni kuma in ce wa randar Allah ya tsare. Haka muka zauna, ba mu ga laifin abin ba, don kunya ado ce. Abu ɗaya al'ada ta bar mini a kansa, shi ne ɗanɗano. Tun yana jariri ba a ɗura masa ruwa ban kurɓa ba. Da ya yi aure ma, kwanonsa sai ya biyo ta ɗakina. Matarsa ta ji haushi da farko, ta ɗauka zarginta nake yi. Daga baya ta gane cewa ta nan ne kawai nake iya taɓa shi.

Aikinsa a fadama yake, noman rani. Yana da 'yar gonarsa, amma yawanci na mutane yake yi wa: dashe, cirar ciyawa, tsaron injin ban ruwa, ɗaukar buhu. Mutum ya duƙa cikin ruwa tun hantsi bai ɗaga ba har rana ta karkata, wannan ba aikin ƙashin ɗan Adam ba ne. To ashe akwai abin da suke sha don bayan ya yi shiru. Tiramol suke ce masa. Ba wanda ya gaya mini. Na gani ne a yadda yake barin tuwo rabi, da gumin da ke keto masa ko da sanyin asuba, da yadda wata rana zai cika gida da surutu, washegari kuma ya zauna yana sosa hanci kamar ba ya nan. Sai kuma 'yan takardun nan masu ƙyalli, ja da fari, da nake tsinta cikin toka in na je zubar da shara.

A shekarar ne abokin dashensa, wani yaro mutumin Augie mai yawan dariya, ya kwanta ƙarƙashin mangwaro a bakin fadama bayan azahar. 'Yan uwansa suna jin minsharinsa suna yi masa ba'a, wai ya ci bashin barci. Da la'asar aka je tayar da shi aka tarar ya yi sanyi. Mutane suka ce zafin rana ne, wasu suka ce ajali. Ajali ne, ban musa ba. Amma ajali ma yana da ƙofar da yake bi ya shiga. Ranar ɗan farin nawa ya dawo ya zauna bakin rijiya har aka kira magariba, ni kuma na yi ta yi wa tukunya faɗa a kan abin da ba ta yi ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Maman 'yan biyu. Kirista ce daga ƙasar Filato, malamar asibiti, aikin mijinta ya kawo su. Mace ce mai kirki, in ban da yawan dariya. Tun zuwanta ta fahimci halina, in za ta miƙo mini kunu ta saman katanga sai ta fara kurɓa tana dubana, ta ce, ga shi an biya kuɗin fito. Ita da waɗansu abokan aikinta suka buɗe wani ɗaki a bayan shagon tela, ƙofarsa tana kallon lungu, lungun kuma yana kallon filin da nake shanya. Don haka duk mai shiga sai ya bi ta gaban idona. 'Yan kabu-kabu, 'yan dako, leburorin fadama, har da matan aure cikin hijabi har ƙasa. Na san uwar wannan, na san wanda ya yanka wa wancan ragon suna. Kowa ya shiga da abu dunƙule a hannu, ya ɗan jima, ya fito. Da na bincika aka ce mini ƙwayoyinsu suke kawowa a duba musu abin da ke ciki, ba a tambayar suna, ba a kiran hukuma, ba a karɓar ko sisi.

Na tare ta wata safiya za ta fita.

"Ke Maman 'yan biyu, wanga aiki naku mi ne ne? Ɓarawo ya zo da tsani, ku kuma kuna duba mashi ko tsanin na da ƙwari?"

Ta yi dariyar nan tata, sannan ta daina. Ta ce, "Inna, in ya faɗo daga tsanin, uwarsa ce za ta yi kuka."

Ta tsaya ta yi mini bayani mai tsawo. Wai abin da aka rubuta a jikin takarda ba kullum shi ne a ciki ba, ana cuɗa su da abin da mai sayarwa ma bai sani ba. Wai suna yi wa kowa maganar dainawa, wanda ya yarda su haɗa shi da likita, amma gawa ba ta daina komai, sai mai rai. Na ce mata na ji. Ban yarda ba. Na rage mata gaisuwa, kununta ma na ce cikina ba ya so.

Ranar da abin ya faru, bazara ce, shinkafa ta fara fitar da kai, zafi ya kai inda ƙadangaru ke buɗe baki a gindin katanga. Ɗan farin ya dawo da azahar, ya rataya rigarsa a igiyar shanya, ya tafi masallaci. Na ji matarsa tana gaya wa yara kada su jira babansu, zai koma tsaron inji a can ƙarshen fadama, shi kaɗai, abokin aikinsa ya yi tafiya. Iska ta kaɗa rigar, wani abu ya faɗo. Takardar ƙwaya ce, amma ba irin wadda na saba tsinta ba. Wannan koriya ce, da hoton zaki, ba a ɓalli ko ɗaya ba.

Na tsaya da ita a hannu. Na san zai sha kafin ya fita, na san zai zauna bakin ruwa ba kowa kusa da shi, ba ma wanda zai ji minshari ya yi masa ba'a. In na jefa ta masai, teburin mai sayarwa yana kan hanyarsa. In na ce zan tambaye shi, bakin da ya shekara talatin da wani abu a rufe ba ya buɗewa tsakanin alwala da sallama. Ɗakin lungu kuwa yana nan, ina hango ƙofarsa, amma ni da na kira su masu gyara wa ɓarawo tsani, da wace ƙafa zan shiga, kuma duk wanda ya gan ni ya san ta wane ne na kawo.

Sai na yi abin da na iya. Na ɓallo ɗaya, na raba ta biyu da wuƙar yankan kuɓewa. Na lasa. Ɗaci kamar maɗaci, a bayansa wani abu kamar alli. Harshe bai gaya mini komai ba. Na tuna zaure, na tuna alƙali. Na yi bisimilla na haɗiye rabin da fura, ɗaya rabin na ƙulle a bakin zane. Takardar kuma na tura ta ƙarƙashin tabarma na zauna a kai, na jawo faifai ina tsintar tsakuwa. Nufina in jira hukuncin ciki. In lafiya, in mayar masa cikin aljihu kamar ban gani ba.

Ya dawo, ya laluba riga, ya duba ƙasa, ya duba bayan randa. Ya zagaya ni sau da yawa. Na ga inuwarsa ta tsaya a bakin tabarmata. Ya gane. Amma kunyar da ta hana ni tambayarsa ita ce ta hana shi cewa in tashi. Ya koma bakin rijiya ya zauna yana jiran in gaji, ni kuma ina tsintata. A raina na ce bari mu ga wanda zai riga wani.

Ban san lokacin da faifan ya fara faɗaɗa ba. Na ga bakinsa yana nisa da hannuna, ƙwayoyin shinkafa suna juyawa a hankali, dukansu suka fuskanci gefe ɗaya kamar 'yan kifi a ruwa marar zurfi. Ƙarar injin casa da ke can bakin titi ta yi laushi, ta yi laushi, har ta zama ƙarar ruwa yana dukan gindin kwalekwale. Katangar gidanmu ta jiƙe ta narke ba tare da ta faɗi ba. Sai ga ni kwance rub da ciki a kan gora, irin babbar gorar da masuntan gidanmu ke hawa su bi gulbi da homa, ragar kamun kifi, a hannu. Mata ba sa hawan gora. A can ba wanda ya hana ni.

Ruwan da ɗumi kamar kunun da aka bari ya huce. Fadama duka ta zama ruwa ɗaya tun daga gindin tudun Birnin Kebbi har Argungu, kuma ina tafiya sama, inda ruwa ke fitowa, ban motsa hannu ba. Shinkafa tana ƙarƙashina kore shar, tana kwantawa in na wuce, tana tashi a bayana. Furannin bado suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙarar buɗewarsu kamar ana taɓa bakin ƙwarya. Balbelu sun jeru a kan komai, ba sa tashi. Wani giwan ruwa ya biyo ni a gefe, tsawonsa ya kai na mutum, yana dubana da ido ɗaya irin duban da maƙwabci ke yi wa wanda ya daɗe bai gani ba.

Sai na lura bayana ya yi shiru. Ciwon da na ɗauka tun ina jan buhu da ɗaga duro, wanda na saba da shi har na daina kiransa ciwo, babu shi. Gwiwoyina babu su. Na ce a raina, ashe wannan suke saye. Ban ji haushin kowa ba a lokacin, ni da ban taɓa wuni ban ji haushin wani ba.

Akwai nauyi kaɗan a bayana, mai ɗumi. Na juya, ashe goyo ne. Shi ne, yana jariri, da 'yar layar nan a wuya. Na kwance shi na ɗora a kan gora a gabana, na dube shi. Na dube shi iya son raina, ba mai tari a bayana, ba mai cewa wance ba ta da kunya. Yana da ɗan tabo a gefen kunne da ban taɓa sanin yana da shi ba. Na kira sunansa. Na sake kira. Sunan yana da daɗi a baki, ya fi kowane abu da na taɓa ɗanɗanawa, na yi ta faɗinsa ruwa yana ɗauka yana kai wa ciyayi.

Numfashi ya zama mini kamar wankin da ake iya bari sai gobe. In ja ɗaya, in manta, can in tuna in ja wani. Ba wahala a ciki. Ina ganin bakin gulbin Matan Fada na Argungu yana matsowa, da itatuwan da na sani, da matakin laka inda muke wanke-wanke muna yara. Kakata tana tsugune a wurin tana ɗauraye ƙwaryarta. Ba ta tsufa ba, ba ta kuma yi ƙuruciya ba. Gorar ta kai ni har gabanta ta tsaya. Ta ɗebo wani abu fari, mai sanyi, ta miƙo mini da hannu biyu. Ƙishi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a azumin bazara. Na miƙa wuya.

Sai na tsaya. Na ce, "Kaka, ba ki kurɓa ba."

Ta yi murmushi, ba ta kai ƙwaryar bakinta ba. Na sake faɗi. Ta ci gaba da miƙowa. Ni kuwa ko a mafarki ba a yi mini haka. Na rufe bakina gam, na kau da kai, na rungume yaron. Muna nan a haka, ita da ƙwarya, ni da taurin kai, sai na ji wani abu ya sare ni a cinya, ruwan ya fara janyewa ta ƙarƙashina kamar an buɗe kwalbati. Gora ta daki ƙasa. Bayana ya dawo, gwiwoyi suka dawo, zafi ya dawo, har da ƙuda.

A gefena nake kwance a tsakar gida, amai a bakina. Maman 'yan biyu tana durƙushe a kaina da allura a hannu, ba ta dariya. Surukata ce ta ga kaina ya faɗi a kan faifai, leɓena ya canza, ta haura katanga da ihu, Allah ya sa matar tana gida. Wani yana riƙe da ƙafafuna da ƙarfi har yana ji mini ciwo. Ban duba ba. Na san hannun, ko da yake bai taɓa taɓa ni ba tun da aka yaye shi.

Maman 'yan biyu ta yi ta tambayata abin da na sha. Na kwance bakin zane na ba ta rabin. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce in da ba uwa ba ce ni da ta san abin da za ta kira ni. Aka sa ni a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, aka ɗaura mini ruwa, na kwana can, don wai maganin da ta yi mini yana iya sakina kafin ƙwayar ta sake ni.

Da na samu ƙafa na ce sai na ga abin da idona. Na yafa mayafi, na bi ta filin shanya, na shiga lungun da rana tsaka, wanda zai gani ya gani. Ɗakin ba komai a ciki: benci, tebur, fanka, da tulun ruwa. Maman 'yan biyu ta sa safar hannu, ta ɗauko wani farin faranti mai gurabe kamar tandar masa, amma ƙarami, na 'yar tsana. Ta kankare ɗan gari daga rabin ƙwayata, bai kai abin da zai tsaya a kan tsinke ba, ta rarraba a guraben. Ta ɗiga wani ruwa a nan, wani a can. Muka zuba ido. Garin ya fara rina, a hankali, kamar yadda gari ke wayewa. Ta nuna mini wani kati mai launuka, ta ce in abin da aka rubuta ne a ciki, ga launin da ya kamata ya fito. Ba na karatu, amma launi ba ya bukatar malami. Ba shi ne ya fito ba.

Sannan ta narka sauran a ɗan ruwa, ta tsoma wata siririyar takarda, ta ajiye. Muka jira. Ruwan ya hau takardar da kansa, ya bar zane. Ta ce an cuɗa ta da wani abu mai nauyi ƙwarai, irin wanda ke kwantar da numfashi ya manta da tashi. Ta ce akwai kuma abin da kayansu ba sa iya gani, sai an aika babban wuri, shi ya sa ba ta taɓa ce wa kowa ƙwayarsa lafiya lau ce ba. Abin da suka gani kawai suke faɗi, da abin da ba su iya gani ba, sannan su roƙi mutum kada ya sha shi kaɗai, kada ya haɗa da wani abu, in kuma ɗan uwansa ya kwanta yana wani irin minshari kada a tsaya ba'a.

Na tambaye ta ita takardar da ta sha, me zai same ta. Ta ce kwandon shara za ta. Na daɗe ina duban 'yar takardar. Ta sha, ta haɗiye, ta buɗe baki an gani, kuma ba ta bar marayu ba. Dokar kakata ba ta yi ƙarya ba, amma ita abin da hannunta ya haɗa take sha, ta san itacen, ta san ramin da aka tono saiwar. Wannan kuwa ba wanda ya san hannun da ya dama shi.

Ashe ɗan farin ya biyo ni. Yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Maman 'yan biyu ta tambaye shi, a hankali, ba da faɗa ba, nawa ya yi niyyar sha ranar. Ya ɗaga yatsu biyu. Fanka tana juyawa. Ni ina ganin ƙarshen fadama, inji yana ta zuba ruwa a gona har ya cika ya tsallake kunyoyin gonar, ba mai kashe shi.

Kafin mako ya zagayo maganar koriya mai zaki ta bi 'yan kabu-kabu ta shiga fadama, ta kai Argungu, ta kai Augie. Wasu sun zubar, wasu sun ce ƙarya ce, ai mai ƙarfin suke nema. Wannan ba a hannuna yake ba.

Abin da ke hannuna na yi shi a yammacin ranar da muka dawo daga ɗakin. Yana zaune bakin rijiya, ni a tabarmata. Na juya wajen kaza zan ba ta saƙo kamar kullum, na ce, a gaya wa masu zuwa fadama. Kazar ta tsinci abin da za ta tsinta ta yi gaba, ta bar ni da rabin magana. Na duba randa. Na ga wannan magana ta fi ƙarfin randa.

Na ce, "Kai."

Ya waiga bayansa yana neman wanda ake kira.

"Kai nike wa magana. Duba ni."

Ya ɗago. Tabon yana nan a gefen kunnensa.

"Ba ni ce maka ka bari yau ba. Na je inda take kai mutum, na gani, da daɗi. Amma duk abin da za ya shiga bakinka, sai ya bi ta ɗakin can tukuna. Wadda ba ka kai ba, in na same ta, ni za ni sha. Kuma guda za ni sha, ba rabi ba."

Ya ce, "Inna, don girman Allah."

Na ce, "Ka san ni."

Ya san ni. Ya sa fuska cikin tafin hannu. Na tashi na shiga ɗaki, don abin da ya rage ba na kallo ba ne.

Bai daina ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Ya rage. Yana zuwa wurin likitan da suka haɗa shi da shi, wani wata ya yi kyau har ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, wani wata, in aikin girbi ya matso, in ga gumin ya dawo. Ba ya zuwa tsaron inji shi kaɗai. Na koma shan kunun Maman 'yan biyu, har yanzu tana kurɓa kafin ta miƙo, sai dai ta ƙara da cewa in ina so ta tsoma takarda a ciki. Masu shiga lungu kuma na daina ƙirga uwayensu. In sun gaishe ni ina amsawa.

Sunan ban sake faɗinsa ba, a can na bar shi bisa ruwa. Wani lokaci ina shanya da rana, in ƙarar injin casa ta yi laushi, sai in ji gorar a ƙarƙashin cikina, da ɗan nauyin nan mai ɗumi, in tsaya da manjagara a hannu har sai wani ya yi sallama. Ina kewar wurin. Shi ya sa ba na yi wa yaran nan kallon da nake yi musu da.

Maganar kai tsaye ma ba mu sake yin ta ba, sau ɗayan ta ishe mu. Jiya da hantsi na gan shi ya shiga lungu da hannu a dunƙule. Na sunkuya ina baza shinkafa. Ya jima, ya fito, ya biyo ta gefen shanyata kamar hanya ce ta kawo shi. Akwai wata akuya da ke fakon in juya baya. Ya tsaya ya kore ta, ya ce mata ta gaya wa masu shanya an duba, ba a ga irin abin ranar nan a ciki ba, kuma su biyu za su fadama.

Na ce wa akuyar ta ce Allah ya tsare. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na tauna. Da sauran danshi, sai ta ƙara shan rana.